Zuwa ga Tanko, Wanda Ya Shanye Galmar Kawunsa

Da sunan Allah nake farawa, shi kaɗai ya san inda kowa ya yini.

Daga Ɗanjuma, na ƙauyenmu da ke gabas da Bakori, zuwa ga taubashina Tanko ɗan Gwaggo Dije, a gindin duk tulun da wannan takarda ta iske shi. Gaisuwa mai yawa, irin wadda ake yi wa mutanen kirki, na ba ka aronta. Ina tambayar lafiyarka, in da saura. Ban ce ina gajiya ba, don ban ji labarin aikin da ka yi ba.

Bayan haka.

Na damƙa takardar nan a hannun madugun fataken da ke bi ta Dayi su wuce Musawa. Na roƙe shi duk zangon da suka sauke kaya, ya nemi mai karatun ajami ya karanta ta da ƙarfi, kowa ya ji. Na san kai ba za ka iya ba. Tare muka yi allo, ni na fito da abin da nake wannan rubutu da shi, kai ka fito da tabon bulala. Saboda haka in kana raɓe a bayan jakuna ka ji ana kwatanta wani dogo mai wushirya, mai bille a kumatu, wanda hannunsa ke rawa da safe kamar yana kaɗa kalangu, kada ka waiwaya neman wani. Kai ne.

Ka san haƙƙina a kanka. Babana da Gwaggo ciki ɗaya suka fito, ni ɗan namiji, kai ɗan mace. Tun ban iya ɗaura bante ba aka gaya mini cewa a wasan taubasai kai bawana ne, ko da ka girme ni. Na kuwa mori abina. Na hau bayanka na ce maka jaki. Na zuba maka ƙaiƙayi a riga ranar salla. Na ɗaura maka ƙadangare a ƙugu kana barci a gindin ɗorawa, ka farka ka yi gudun da har yau ake ba da labarinsa. Ba wanda ya ce don me, Gwaggo ma dariya take yi har da hawaye.

Amma ka faɗi gaskiya, a duk mulkin nan da na yi maka, na taɓa sa ka yini da yunwa? Na taɓa raba ka da uwarka? Dubi wanda ya ƙwace mini kai. Tulu. Yumɓu ne wata tsohuwa ta murɗa ta gasa da karan dawa. Ba ya kira, ba ya tsawa, ba ya da bulala. Amma hantsi na yi sai ka miƙe ka tafi wurinsa da ƙafarka, kana sauri kada ya yi fushi. Ni da nake mutum, sai na yi ta kira kafin ka waiwayo.

Ka tuna yadda abin ya soma, in kanka yana riƙe abu. Mun je gayya unguwar Maguzawan bayan dutse, kamar yadda su ma suke zuwa tamu. Da aka tashi, aka ware mana fura da tuwo a inuwa, su kuma suka kewaye tulunansu can gefe. Ka ce miya ba ta ji gishiri ba, bari ka je ka karɓo. Muka cinye tuwo, muka sha fura, muka wanke hannu. Sai ga ka nan tafe, ba gishiri, kana yi wa jakin mutane kirarin sarauta.

Kada ka ce mutanen nan ne suka ɓata ka. Shekara, matar da ke dafa musu giya, da ƙafarta ta tako har ƙofar gidanmu. Ina tsaye ta ce wa Gwaggo, “Ku riƙe ɗanku. Mu sai mun kai ƙarshen kuyyar gona muke sha. Shi kuwa yana sha ne ya manta an halicci gona.” Ka ji fa. Mai sayarwa ce ta zo roƙon a hana ta ciniki. Ko wannan kaɗai ya isa mutum ya nemi rami ya shige.

To, yanzu zan ambaci mutumin da ba ka son a ambata.

Kawunka Mamman, autan su Baba. Ni Baffa ya kamata in ce masa, amma gari duka ya bi bakinka, ni ma Kawu nake cewa. Zan faɗi labarinsa ko da ka sani, don masu sauraro su san irin mutumin da ka yi wa abin da ka yi. Tun ba a haife mu ba ’yan hari suka ɗauke shi a fadama yana yankan ciyawa, yana ɗan saurayi. Aka sayar da shi a Zazzau, aka sake sayarwa a ƙasar Nufe, hannu zuwa hannu har bakin Kwara. A wani gari inda koguna biyu suka haɗu, wani baƙin mutum mai wa’azin Almasihu ya fanshe shi, ya sa aka cire masa mari, ƙarfen da ke ƙafarsa, bai ce ya yi masa aikin ko yini ɗaya ba. Ya zauna da su, ya bi addininsu. Da furfura ta fito masa ya ce bari ya je ya ga ko da sauran wanda ya san sunansa.

Ka tuna ranar da ya iso. Gwaggo tana sussuka, ta ɗaga kai ta ga tsagen gidanmu a fuskar baƙo, taɓarya ta faɗi. Baba ya yanka ɗan akuya. Aka yi ta murna har Juma’a ta zo bai bi mutane masallaci ba, sai murnar ta ragu. Gari ya yi ta magana. Liman ya zo suka zauna a zaure tun hantsi har azahar, suka tashi kowa da nasa. Har yau dai suna gaisawa, Liman na ɓare goro ya miƙa masa rabi.

Ni ma na gwada shi, ka san hali. Wata Lahadi yana durƙushe a gindin tsamiya, ido a rufe, yana addu’arsa, na lallaɓa na sa masa kwaɗo a cikin hular da ya ajiye. Ya gama, ya ɗauki hula, ya leƙa. Ya ce wa kwaɗon, “Kai ma ka zo? To, ka makara.” Ya sauke shi a hankali cikin ciyawa. Mutum irin wannan ba ya tsokanuwa, ɓata wa kai lokaci ne.

Ka ga idon sawunsa na hagu. Fatar ta yi fari ta zagaye kamar munduwa, ƙashin ya karkace, shi ya sa yake ɗingishi. Wannan ita ce ƙafar. Ka riƙe ta a ranka, zan dawo kanta.

Ranar kasuwar Bakori na same ka shimfiɗe a bayan rumfar masu tukwane, ƙuda na shiga bakinka suna fita kamar gidansu. Na kwance igiyar jakinmu na zarga maka a wuya, na kifa maka fasasshen tulu a ka, na tashe ka na ja. Ina tafe ina shela, ga bawa na sayarwa, ba ya noma, ba ya saƙa, amma ya iya shan dawa. Kasuwa ta tashi da dariya. Wani mahauci ya taya ka da ƙashin ƙafar saniya, mai gishiri ya ce ko kyauta ba ya so. Kai ma dariya kake yi, kana ɗaga wa mutane hannu. Wannan ne ya fi ƙona mini rai. Kada ka zaci nadama nake yi. Da za ka sake kwanciya a can, da na sake neman igiya.

Sai ga Kawu ya ratso mutane da ɗingishinsa. Bai yi mini faɗa ba. Ya kama ƙullin ya duba, ya ce, “Ɗanjuma, ba haka ake yi ba. Ba a ɗaure wuya shi kaɗai, da hannu ake haɗawa. Kuma ba a shela. Baki ake buɗewa a duba haƙori, a latsa ciki, a ce ya yi tsalle.” A hankali ya faɗa, kamar mai koya wa yaro tufkar igiya. Mahaucin nan ya mai da ƙashinsa kan faifai.

Ya kwance ka, ya rataya hannunka a kafaɗarsa, muka kamo hanya. Tun daga Bakori har gida abu ɗaya ya ce mini: “Wannan an riga an saye shi. Ba ka da abin sayarwa.”

Tun ranar ban sake kiranka bawana da baki ba. Ba don na ga girmanka ba ne. Kalmar ce ta daina daɗi.

Da Baba ya ji abin da ya faru a kasuwa ya ce an gama lallashi. Ya aika aka aro turu daga gidan mai maganin mahaukata, gungumen nan mai rami da ake zura ƙafa a buga fegi. Aka ajiye shi a tsakar gida da hantsi, aka danne ka aka sa ƙafarka. Kowa ya ce daidai ne, ni na fi kowa cewa. Har na roƙa a bar ni in riƙa kawo maka ruwa a tulu, don kada kewar ubangidanka ta kashe ka.

Kawu ya shigo da guduma. Bai dubi kowa ba. Ya buge fegin, ya zare ƙafarka, ya zauna a ƙasa ya zura tasa, ta hagun nan. Ya ce wa Baba, “Yaya, in lalle sai an sa ƙafa, ga wadda ta san hanya.” Baba ya ce ya haukace, ya shige ɗaki. Kawu ya yini a rana a cikin turu, bai nemi ko ruwa ba, kai kuma kana gefe kana kuka kamar bunsurun da aka raba da garke. Da la’asar Baba ya fito da kansa ya zare masa ƙafa, ya ce a mai da wa masu abu abinsu.

Bayan nan ne na tambaye shi, don abin ya dame ni. Na ce, Kawu, in ba a ɗaure Tanko ba, me zai hana shi sha? Ya ce, “Na sa mari, na san abin da yake koya wa mutum. Jira yake koyarwa. Ranar da aka cire, sai gudu.” Ya ce, “Ubangidan da ke waje kana iya tsere masa. Wanda ke zaune a maƙogwaro, duk inda ka gudu kai ne dokinsa.”

Na ce to ke nan ba mafita. Ya ce akwai, amma ba daga hannun bawan take fitowa ba, don duk abin da bawa ya riƙe na ubangidansa ne, har alkawarin da yake yi cewa daga yau ya daina. Sai wani ya zo daga waje ya biya. Ya ce, “Ni sau biyu aka fanshe ni. Mutum ya biya da wuri ya cire mini na ƙafa. Almasihu ya biya da ransa ya cire mini na ciki. Na cikin ya fi nauyi, don shekaru na yi ina kwana da niyyar kashe mutum.”

Ni allo na yi, Tanko. Annabi Isa ɗan Maryama na sani, tsira da aminci su tabbata gare shi, kuma Malam ba haka ya koya mana ba. Na gaya wa Kawu haka ido da ido. Ya ce to, bai ja ba. Ina nan kan abin da aka haife ni a kai. Amma abu ɗaya ba zan ɓoye ba. Na ga masu wa’azi iri-iri sun sauka a zaurenmu, ban taɓa ganin wanda ya zura ƙafarsa a turu saboda mashayi ba.

Kuma abin ya kama, shi ne abin haushin. Ka daina. Damina ta sauka, kuka nufi gonar marigayi babanka ta bakin rafi, wadda ka bari tofa ta cinye. Ku biyu, gurgu da mai rawar hannu. Na zauna a kan suri ina yi muku waƙa. Lokacin da jikinka ya riƙa neman abinsa, kana gumi kana amai kana zagin kowa, shi ne ya riƙe maka kai, yana ɗura maka kunun tsamiya da ludayi, yana magana ƙasa-ƙasa da Ubangijinsa. Kuka yi shuka, kuka yi noman fari, kuka yi maimai. Idonka ya washe. Wuyanka ya cika. Gwaggo ta koma yin guɗa ba dalili. Ni da kaina na ara maka hulata ranar Juma’a, ban sa komai a ciki ba.

Sai lokacin huɗa ya zo.

Ka san yadda aka yi Kawu ya sami galmar nan. Abin da ya dawo da shi daga Kwara riga ce guda ɗaya, saƙar can, ita kaɗai ya mallaka a duniya. Ita ya ba maƙeri aka ƙera masa galma don a huɗe gonarka. Da bakin galmar ya lanƙwashe ya miƙa maka ya ce ka kai maƙera a gyara, ka dawo kafin rana ta yi zafi. Baba ya ce a haɗa ka da ni. Kawu ya ce a’a, ɗa ba a yi masa rakiya zuwa maƙera.

Ka wuce maƙera. Ka je wurin Shekara, ta gane galmar, ta kore ka da muciya. Da wani ne, da ya tsaya nan ya ji kunya ya juyo. Kai ka miƙe hanyar Dayi har ka sami waɗanda ba su san ta ba.

Galma, Tanko. A tsakiyar damina. Na ji wanda ya shanye rago, na ji wanda ya shanye rigar aurensa. Amma ɗan manoma, jikan manoma, ya ɗauki ƙarfen da ake ci da shi ya mai da shi ruwa ya haɗiye, kai ne farko. Yaya ta wuce maƙogwaro? Ƙotar ba ta tokare ka ba?

Labarinka yana zuwa mana, kada ka ce ka ɓace. ’Yan koli sun gan ka kana ɗebo wa masu dafa giya ruwa, kana faskare, kana juya tukunya, ana biyanka da guntun da ya rage a gindin tulu. Wani ya ce ya gan ka kana tsince a cikin dusar da aka zubar wa awaki, awakin na tunkuɗe ka. Ban ga laifinsu ba, abincinsu ne.

Ka auna da kyau. Kawu da igiya aka ja shi, yana cizo yana shure-shure, maza suka taru a kansa kafin su iya. Kai ka kai kanka, ka yi sallama, ka durƙusa ka roƙa a karɓe ka. Bayin rinjin da ke hanyar Maska ma in rana ta karkata ana sakinsu su je su taɓa ’yar gonarsu. Kai yaushe ake sakinka? Wace rana ce taka?

Da na kai wa Kawu labarin galma na zaci yau dai zan ga fushinsa. Har na gyara tsayuwa. Sai ya ce, “Ya karya kumallo kafin ya tafi?” Da ba babba ba ne da na ce masa wani abu.

Da hauyar aro ya huɗe gonarka, a sunkuye, kuyya bayan kuyya. Na kama masa, ba don kai ba, don kada a ce tsoho ya faɗi a gona ina kan suri ina waƙa. Allah kuma ya yi ikonsa, dawar nan ta yi kyan da ba ta taɓa yi ba tun babanka na da rai. Zangarniya kamar damtse.

To ga abin da ya sa na ɓata takarda a kanka.

Kowa ya girbe. An ɗaure dammuna, rumbuna sun cika, Fulani suna jira su sako shanu cikin kara. Duk faɗin bakin rafi gona ɗaya ce a tsaye, taka. Kawu ya hana a taɓa ta. Ya ce mai gona ne ke fara sa magirbi. Baba ya tara samari zai tura su, Kawu ya je ya kwanta a bakin gonar ya ce sai dai su fara da shi. Liman ya yi magana, mai gari ya yi magana. Ka san shi, ba ya gardama, ba ya kuma matsawa.

Tsuntsayen ƙasar nan duka sun gane. Birai na saukowa daga dutse. Kara ya soma kwanciya, wanda ya kwanta kuma gara ta hau shi. Tun da sassafe yake zama a ’yar rumfa yana jifa da hoge, yana buga kara da kara don tsuntsaye su tashi. Ƙafar nan ta kumbura tun daga huɗa, yanzu ba ta takuwa, a kan jaki nake kai shi in dawo da shi. Tari ya kama shi. Tuwon da Gwaggo ke aikawa, loma kaɗan yake yi ya ture. Jifarsa ba ta kai tsakiyar gona yanzu, tsuntsayen sun daina tashi.

Na ce masa, Kawu, duk wannan a kan wanda ya shanye maka galma? Ya ce, “Wanda ya fanshe ni bai tambayi halina ba. Da ya tambaya da ya fasa.” Na ce to a girbe a ajiye wa mai gonar a rumbu mana, ai duk ɗaya ne. Ya ce ba ɗaya ba ne. Ya ce, “In ya iske ta a rumbu, sadaka ce aka yi masa, zai ci ya koma. In ya iske ta a tsaye, tasa ce tana jiransa. Bawa ba shi da abin da ke jiransa. Ina so ya gani da idonsa, ko ya tuna shi ɗa ne.”

Ya kayar da ni a magana. Ni, Ɗanjuma. Ka san ba kullum ba ne.

Tanko, gari ba daɗi. Na ɗaure wutsiyoyin awakin mai gari, aka kama ni, ba wanda ya rantse cewa tare muke a gona tun safe. Na tsokani samarin nan, wasu su yi fushi, wasu su yi murmushin dole. Ba mai ramawa. Kai kaɗai ne in na zuba maka ƙaiƙayi za ka yi shiru har in manta, sannan in sa ƙafa a takalmi in ji danƙon ƙirya.

Ina tuna shekarar da rafi ya kawo muna wancan ƙetare da awaki. Ina ƙarami, ina kuka. Ka ɗora ni a wuya ka shiga, ruwa har haɓarka, ina riƙe da kunnuwanka ina ce maka jaki yi sauri. Ka haye da ni, ka koma ka kwaso awakin ɗaya-ɗaya. Ba ka gaya wa kowa na yi kuka ba. Wannan mutumin nake nema. Na san yana nan wani wuri a ƙarƙashin warin.

Ka zo. Kada ka ce sai ka daina tukuna, sai ka sami riga, sai ka nemo galma ka biya. In ka tsaya jiran wannan gara za ta gama da dawa. Kawu ya ce in rubuta maka haka: ka zo da warinka, a nan za a wanke. Ba turu, Baba ya rantse a gaban Liman. Gwaggo ba za ta yi maka faɗa ba, ba ta da ƙarfinsa. Ni kuma na yi alkawari ba zan yi dariya ba ranar farko. Ta biyu ban sani ba.

Ba sai ka bi ta cikin gari ba. Ka biyo rafi, ka ɓullo gonar kai tsaye. Na wasa magirbi, yana rataye a rumfa. In hannunka na rawa zan riƙe ƙotar tare da kai, in tsaya ta gefen hanya yadda ba mai gani. Kara ɗaya kawai za ka sare da hannunka, sauran samarin gari sun ce nasu ne.

Da na ce masa zan rubuta maka, ya ce in sa addu’arsa yadda ya faɗa, kada in gyara. Amana ce, ga ta. Ya ce, “Ya Uba, ka san hanyar da yaron nan ya bi, gama ka bi ni a wadda ta fi ta nisa. Ba shi da abin fansar kansa, ni ma ban da shi. Ka karya abin da ya riƙe shi, ka kira shi da sunansa, ka kawo shi gida ɗa. In ka yarda, ka bar ni in gani. Saboda Almasihu na roƙa.”

Tawa kuma ga ta, irin ta ɗan allo. Allah ya sa takardar nan ta same ka da safe, kafin ƙoƙon farko. Allah ya sa maka ƙyamar abin da ka fi so. Ya ba ƙafarka ƙarfi, ya gajarta maka hanya, ya ƙara wa tsohon nan kwana. Allah ya shirye ka, ya shirye ni, don ni ma Baba ya ce da saura. Amin.

In ka hau tudun bakin rafi, ka tsaya ka duba. In dawar tana tsaye, yana nan, ka sauko da gudu. In ka ga an girbe, kada ka tambayi kowa komai. Ka wuce wurin Gwaggo ka zauna.

Aminci ya tabbata gare ka.

Ni ne taubashinka,
Ɗanjuma.